Kalmar da Baba Akawu Ya Bar wa Auta

"Harafi shida ne, Auta. Wai abin da ake rataye riga a jikinsa. Na yi, na yi, na kasa."

Ina tsaye a bakin ƙofarsa da kofin ruwan zafi. Sai na ga ya toshe bakin wayar da tafin hannu, ya yi tari har hawaye suka zubo, sannan ya mayar da ita kunne kamar babu abin da ya faru.

"Hanger? Kai, ashe! Allah ya yi miki albarka. To ya aikin? Kin ci abinci kuwa?"

Ba a daɗe ba ta ce ana kiranta ɗakin marasa lafiya. Ya ajiye wayar yana murmushi.

Ɗakunanmu bango ɗaya ne ya raba a gidan haya. Ni ɗinki nake yi, tun rasuwar maigidana ba mai kirana sai wadda ta matsu da kayanta. Shi kuma tsohon akawu ne, ya tsufa a kan tafireta, matarsa ta rasu, 'yarsa guda, Auta, tana aikin jinya a wani gari mai nisa. Abin da ya rage masa shi ne wasan bayan jarida, ƙananan akwatuna farare da baƙaƙe da ake cikewa da kalmomin Turanci. Yana da wani ƙamus da bangonsa ya rabu, ni ce ma na ɗinke masa da zare mai kauri.

Na ajiye kofin, na leƙa jaridar. Turancina bai kai ya kawo ba, amma ido ba ya bukatar makaranta. Gurbin da ya ce ya gagare shi duk burbushin kilina ne, ga shatin haruffan da ya goge.

"Baba, ai ka rubuta ka goge."

"Ke dai tela ce, kin iya ganin ɗinkin wani."

"Ƙarya da furfura? Me ya sa ba za ka ce mata ba ka da lafiya ba?"

Ya ɗauki kofin da hannu biyu don kada ya zube. "In na ce ba ni da lafiya, magani za ta aiko, ta haɗa ni da likita. In na tambaye ta kalma kuwa, sai ta yi dariya ta ce Baba ka fara tsufa. Dariyar nake so."

Haushi ya kama ni, tausayi ma ya kama ni. Mutumin da ya san Turancin da ko a rediyo ba a ji, kullum sai ya cike wasan tas, sannan ya zaɓi kalma guda ya goge don ya samu dalilin kiran 'yar cikinsa. Wai ba ya son ya dame ta babu dalili, kamar uba ba dalili ba ne.

Tarin ya ci gaba da cinsa. Ya daina fitowa baranda, sai mai jarida ya riƙa turo masa ta ƙarƙashin ƙofa. In ina taka keken ɗinki nakan tsaya in kasa kunne. In na ji ƙarar buɗe ƙamus, sai in ci gaba.

"Yau sai ka gaya mata," na ce masa wata safiya, da na ga ko tashi zaune sai da na tallafe shi. "In ba ka faɗa ba, ni zan faɗa."

"To, uwar faɗa. Miƙo wayar."

Ya kira. Na zauna a gefen gado ina harararsa.

"Auta, harafi biyar. Tsuntsu mai dogayen ƙafafu, yana tsayawa a bakin ruwa yana jiran kifi."

Ina jin muryarta sama-sama, tana sauri. Ta ce wallahi wannan ba ta sani ba, kuma yanzu za su shiga tiyata, amma in ta fito za ta kira shi.

"Babu komai, ina nan," in ji shi.

"Baba!" na ce.

"In ta kira zan faɗa mata. Yau ita ce za ta kira ni, kin gani?" Fuskarsa har haske take yi. Ya sa wayar a kan ƙirji, ya ɗora hannu a kai.

Da rana ta take, na tsayar da keke ban ji komai ba. Na shiga na tarar numfashinsa na fita da ƙyar. Na ƙwala wa mai shagon ƙofar gida kira ya nemo mota, na danna lambar Auta a wayata, na sake dannawa, a kashe. Kafin motar ta shigo layinmu, Baba ya cika. Ni kaɗai ce a kansa.

Maƙwabta suka taru, aka yi ta salati, aka lulluɓe shi, maza suka fita waje suna shawara. Ina zaune a kujerarsa sai wayarsa ta yi ƙara.

"Baba! Heron ne! Zalɓe fa! Sai da na tambayi likitoci biyu, ka ga yau ka kayar da asibiti guda." Tana ta dariya.

"Auta, ni ce, maƙwabciyarsa."

"Au, Anti, sannu. Ba shi in gaya masa kafin in manta."

Na gaya mata. Ban san da waɗanne kalmomi ba. Ina jin ana tura gadon marasa lafiya a bayanta.

"Bai ce min ba shi da lafiya ba," ta ce a hankali. "Kullum wasa muke yi."

"Wasan yake so, Auta."

Ta yi kuka mai yawa. Da ta ɗan lafa ta ce, "Anti, jaridar na kusa? Don Allah ki cike masa."

Ban gaya mata ya san amsar ba. Na ɗauki guntun fensirinsa, tana faɗa min harafi ɗaya ɗaya, ina rubutawa. Haruffana suka fito manya, a karkace, suna haye layi, a tsakiyar ƙananan rubutunsa masu tsabta.