Kuben Yari

Shekara ashirin Lukuman, maƙerin Bungudu, yana ƙera wuƙaƙe, amininsa Yari baduku yana ɗinka musu kube ya kai kasuwar Gusau. Har daga Tsafe makiyaya ke neman wuƙar Lukuman, domin kaifinta ba ya dakushewa da wuri.

Wata safiya, wani makiyayi mai suna Buba ya ajiye karyayyar wuƙa a kan uwar maƙera.

"Malam, da sunanka aka sayar mini. A ƙashin ɗan akuya ta karye."

Lukuman ya jujjuya ta. Ƙarfen ɗaure dilar kayan Nasara ne aka wasa, amma ɗinkin kuben na Yari ne.

Ya taka har rumfar Yari ya miƙa masa. Yari ya sunkuyar da kai.

"Ɗaya kake yi a kwana uku, masu nema kuwa goma ne."

"Shi ne ka sayar musu da sunana?"

Lukuman ya ƙera wa Buba sabuwa. Sau biyu Yari yana zuwa ban haƙuri, Lukuman ya amsa sallama, amma bai ajiye guduma ba.