Sashe Na Bakwai

…kuma wai sau uku kika yi shi. Sau uku, Yaya, kwas mai darasi goma sha biyu, a wayar nan mai tsagaggen gilashi, tsakanin allurar wannan majinyaci da ta wancan. Allon yana ta ce miki "ba a kammala ba". Ƙarfe huɗu za a rufe sabunta lasisin ma'aikatan jinya, in bai nuna kore ba gobe ba ki da izinin taɓa kowa. Yanzu uku da kwata. Ni kuwa ina cikin taron kwamitin ƙa'idojin karatu ta intanet, kyamara a kashe, shayi ya huce, wani yana karanto sashe-sashe kamar mai karanta wasiyya.

"Injiniya, ba aikinku ba ne wannan? Duba mini mana." Har da dariya a muryarki. Aikinmu ne. Nawa ne ma — ni na rubuta layin, sashe na bakwai, shekara goma sha shida ke nan: ba a cewa an gama darasi sai na'urar ɗalibi ta aiko saƙon rufewa. In sabis ya ɗauke kafin nan, an yi ba a yi ba. Ranar har tafa mini aka yi, wai na toshe ƙofar masu maguɗi. A ofis mai sanyi na rubuta shi, inda intanet ko tari ba ya yi. Wa ya tuna da barandar bayan ɗakin haihuwa, inda sai kin ɗaga waya sama kafin ta kama?

Yatsanki a kan layi… ina aji biyu, majina har baki, ba kya juya shafi sai na karanta kalmar ƙarshe. "A gama, sannan a ce an gama." Ashe a wurinki na ɗauko. Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa, yau ga shi kin gani.

Aikin minti biyu ne. Na san saƙon rufewar nan fiye da lambar wayar matata. In shiga da sunanki, in tura shi da hannu, shi ke nan, kore. Ai ba ƙarya ba ce, kin yi karatun. To amma — ni ne fa na tsaya kai da fata cewa kada hannun kowa ya taɓa shaidar ɗalibi. Na yi yawo da maganar nan taro-taro har furfura ta fito mini. In na yi miki, sauran fa? Su nawa ne, waɗanda ba su da ƙane injiniya? Ban taɓa ganinsu a rahoto ba. Ta ina zan gan su, layina ne yake share su.

A gyara ƙa'idar? Shawara, muhawara, ƙuri'a, sabon bugu… shekara biyu in an yi sauri. Na gaji, Yaya. Wallahi na gaji.

Shugaban taro ne yake kirana. "Kana tare da mu? Sashe na bakwai naka ne, mu bar shi yadda yake ko?"

Huɗu saura ashirin. Saƙonki ya sake shigowa: "Ko in sake yi na huɗu?" Shafinki a buɗe a hagu, makirufo a dama, yatsana a tsakani… ke kuwa na san ki, kin riga kin buɗe darasi na ɗaya.