Tsayuwar Liman Badamasi

Shekara goma sha tara Malam Badamasi yana jan salla a masallacin unguwarsu a Kurfi, tun ranar da aka kai mahaifinsa makwanci, kuma a duk shekarun nan ba wanda ya taɓa cewa ya yi masu gaggawa. Mutum ne mai son doguwar sura. In ya kama karatu da asuba, masu sammakon gona har gyaran murya suke yi a bayansa, shi kuwa ko a jikinsa. To wannan bawan Allah ne aka wayi gari yana salla kamar ana korarsa.

Abin ya faro ne daga wani zazzaɓi da ya kwantar da shi sati uku bayan kaka. Zazzaɓi ya tafi, amma ya bar masa wata irin gajiya wadda barci ba ya taɓa ta. Ya kwana ya tashi kamar wanda ya yini yana huɗa. In yana kwance, lafiya lau, har raha yake yi da matarsa Lauratu. Da ya miƙe tsaye kuwa sai zuciya ta kama dukan ƙirji, kunnuwa su ɗauki ƙara, gefen idanu ya fara duhu. Cin abinci ma ya zama aiki, ya ci tuwo malmala guda sai ya zube kamar an zare masa laka. An sha rubutu, an sha jiƙe-jiƙe, wannan ya ce shawara ce, wancan ya ce basir ne, wata gwaggonsa daga Birchi ta rantse sammu ne. Duk dai ba abin da ya canja.

Lauratu ce ta matsa masa lamba har suka shiga mota zuwa asibiti a Dutsin-Ma. Aka ɗebi jini sau biyu, aka ce ba a ga komai ba. A zuwa na uku ne wani likita ya sa shi ya kwanta, ya auna shi, sannan ya ce ya tashi ya tsaya minti goma. Ko huɗu bai kai ba sai da aka tallabe shi.

"Malam," in ji likitan, "akwai jijiyoyi a jikin mutum da ke aiki ba tare da an sa su ba. Su ke gaya wa zuciya ta ƙara gudu ko ta rage, su ke matse hanyoyin jini idan ka miƙe don jinin ya hau kai. Naka sun yi rauni. Kana tsayawa jini yake gangarawa ƙafa ya zauna."

Badamasi ya tambayi yaushe zai warke. Likita bai yi masa ƙarya ba. Ya ce wani kan samu sauƙi cikin watanni, wani kuma shekaru yake yi da shi. Ya ce ya riƙa shan ruwa da yawa, ya ƙara gishiri tunda jininsa ba ya hawa, ya ci abinci kaɗan-kaɗan, ya guji zafin rana, ya ɗaure ƙafafu, in zai tashi ya tashi a hankali. Yana rubutu yana cewa salla kuma ya yi ta a zaune, ai addini ya sauƙaƙa.

Ya sauƙaƙa mana, ga kowa ban da liman. Likitan nan bai san da wa yake magana ba. Badamasi da bakinsa ya sha karantar da mutanen unguwa cewa mai iya tsayuwa ba ya bin limamin da ke zaune, haka suka karanta a wurin malamansu, haka suke a kai. Ranar da ya zauna, ranar ya sauka daga limanci ke nan. Ba wai albashi ake ba shi ba, in ban da damin dawa da wani zai aiko da kaka. Wurin ubansa ne, kuma shi bai san kansa da wani suna ba sai Liman.

Saboda haka ya ɓoye. A hanyar komawa Kurfi ya gargaɗi Lauratu kada ta kuskura ta gaya wa kowa, ko 'yan'uwanta.

Daga nan rayuwarsa ta koma tattalin ƙarfi, yadda mace ke tattalin sauran hatsi a ƙarshen bazara. Gona ya bar wa ƙanensa. Ɗaurin aure da suna ya daina zuwa, jama'a suka ce girman kai ya shige shi. Kafin kowace salla sai ya yi awa guda a kwance, ƙafafu a kan matashi, ya shanye kofin ruwa da gishiri da lemon tsami, Lauratu ta yayyaga tsohon zane ta naɗe masa ƙwauri tamau daga idon sawu zuwa gwiwa, ya saki wando a kai. A masallaci kuwa gajerun surori yake ɗauka, yana karatu yana murɗa yatsun ƙafa a kan tabarma don jini ya motsa. In ya kai sujada sai ya daɗe, don nan kaɗai kansa ke washewa. Yana dawowa gida ya faɗi a zaure, ko hula ba ya iya cirewa.

Mutane kuwa ba makafi ba ne. Alhaji Ilu, mai sayar da hatsi, wanda bakinsa ba ya ajiye magana, ya fara cewa salla ta zama tsere, tsayuwa ba a gama Fatiha ba, sujada kuma har mutum ya yi gyangyaɗi. Maganar ta dawo kunnen Badamasi, ta ƙona masa rai, amma zafinta bai kai na shirun Malam Tukur ba. Tukur ɗan baffansa ne, shi ne na'ibi, kullum shi ke tsaye daidai bayansa. Bai taɓa cewa uffan ba, bai taɓa nuna yana son wurin ba. Duk da haka Badamasi ya tsane shi a watannin nan, tsana mai muni, kuma ya san zalunci ne, don laifin Tukur ɗaya ne, yana da ƙafafu masu ɗaukarsa.

Wata rana tana naɗe masa ƙafa Lauratu ta ce, "Malam, ka gaya masu. Ni ke ɗaurin nan, ni na san abin da ya rage a jikin nan."

Ya daka mata tsawar da bai taɓa yi mata ba. Ta ƙarasa ɗaurin ba ta ɗago ba.

Bazara ta shigo da zafin da ke sa kwanon rufi ƙara, ciwon kuwa ba abin da ya ƙi jini kamar zafi. Ranar wata Laraba da Azahar, masallaci ya cika, ba wuta, fanka a tsaye. Raka'a biyu suka wuce da ƙyar. Ya gama tahiya ya yunƙura zai miƙe raka'a ta uku, ya kai rabi, sai duniya ta ɗauke. Da ganinsa ya dawo, a zaune ya sami kansa, mutum wajen arba'in a tsaye a bayansa suna jira. Ya dafa ƙasa ya sake gwadawa. Ina, ƙafafun kamar ba nasa ba.

Zai iya ci gaba a haka, a zaune, ya sallame, ya ce santsi ne ya kwashe shi. Wasu ma ba su san hukuncin ba. Amma shi ya sani, kuma sallar mutum arba'in ce za ta hau wuyansa. Ya miƙa hannu baya ya laluba, ya kama bakin rigar Tukur ya ja. Tukur ya ɗan dakata, sannan ya tako gaba. Badamasi ya ja gindi da baya ya shiga gurbin da ya bari, a nan ya ƙarasa sallarsa.

Da aka sallame jama'a suka rufe shi da sannu. Alhaji Ilu ya durƙusa ya riƙe masa hannu, idonsa ya yi ja.

"Ashe ba ka da lafiya, Liman? Ai da ka faɗa. Ka yafe mani."

Mutum biyu suka riƙe shi har gida. Ya kwanta, ya sha ruwan gishirinsa, ya ce wa Lauratu ta sake ɗaurin, ta ƙara matsewa, zafin yau ne kawai, La'asar zai ja. Ta kwance ta sake ɗaurewa.

Da La'asar ya riga kowa zuwa masallaci, ya zauna a sahun gaba yana tara ƙarfi. Ladan ya tada iƙama. Badamasi ya dafa bango zai tashi, sai ya ga ba mai kallonsa. Tukur ya riga ya wuce gaba, kansa a sunkuye. Alhaji Ilu ya taɓa kafaɗarsa cikin girmamawa, ya nuna masa wata farar kujerar roba da ya sa aka ɗauko daga shagonsa, an ajiye ta a ƙarshen sahu, jikin taga, wurin da iska ke shigowa.

Ya je ya zauna. Tukur ya yi kabbara, shi ma ya ɗaga hannu ya bi. Zuciyarsa ta kwanta, kunnuwansa suka yi shiru, idanunsa tar. Rabonsa da ya yi salla ba tsoro tun kafin zazzaɓin nan. Jikinsa ya ji daɗin kujerar, daɗi na gaske, kuma wannan ne ya fi komai yi masa ciwo. Har aka kai ruku'u hawaye na zuba a gemunsa.