A Haɗa Filin da Shatu

Shatu mai waina ta unguwar Ka'akiyya a ƙasa mai tsarki, ko ƙuda ne ya sauka a ƙofarta sai ta tambayi wanda ya aiko shi. Shekara goma sha biyu tana zaune a ɗakin kwano cikin filin Alhaji Abdulganiyyu, mai saukar alhazai. Babu haya. Sharaɗin dai in hajji ya zo ta yi wa baƙinsa girki a Mina, ɗanta Mukhtaru kuma ya ɗebo musu ruwa.

Shi Mukhtarun, da gemunsa, ya shiga makarantar manya. Wata la'asar yana bitar darasi da ƙarfi, tana tankaɗe, kunnenta na wajensa. Wai a ƙasar Turawa ta da, sarki ke yanka wa barde ƙasa, barde ya zaunar da talaka ya yi masa aiki, in ƙasar ta koma hannun wani, har da talakan cikinta take komawa.

Ta ajiye rariya. "Kai, maimaita."

"Umma, labarin shekara ɗari bakwai ne fa."

"Uhm. Shi ya sa shekaranjiya Alhaji ya zo da mai jan rawanin nan suna auna fili da igiya? Har ƙirga mu ya yi da ido, ina kallonsa!"

Daga ranar Shatu ta tsargu da komai. Matar Alhaji ta aiko da dabino, ta ce kiwata su ake yi. Mai jan rawanin ya gaishe ta, ta rufe baki da mayafi kada ya duba haƙoranta. Turakun awon da suka kafa kuwa, ɗaya bayan ɗaya suka shige ƙarƙashin tandar waina. Sau uku ana kafawa.

A na huɗu Alhaji ya zo da kansa, ya tarar da turkensa yana ci da wuta.

"Ya Hajiya, me turakuna suka yi miki?"

"Baba Alhaji, ni 'ya ce, ba baiwa ba. Sayar da filinka, amma ban da ni."

Ya yi dariya har da tari. "Wa zai saye ki? Kalas, magana ta ƙare, an sayar. Mai jan rawanin nan gareji zai gina, fili yake so wayam. Bayan Muharram ku kwashe."

Shatu ta bar waina na ƙonewa. Ta juya ga ɗanta.

"Su talakawan Turawan nan, sabon mai gida yana korarsu?"

"Malaminmu ya ce ba kasafai ba. Suna nan inda ƙasar take."

Ta yafa mayafi, ta cika kwano da waina, ta ɗauki ragowar turke ɗaya.

"Ina kuma za ki?" in ji Alhaji.

"Wajen mai jan rawani. Masu gyaran mota ai suna da ciki. Ya saya har da ni."

Da aka zagaye garejin da katanga, ɗakin kwano yana daga ciki. Har yau in an tambaye ta, cewa take tun farko ta gane nufinsu.