Zalaidu a Gonar Malam Dalhatu

Kwana arba'in da uku da rasuwar Malam Dalhatu, Inna ta kira autanta Sada ɗaki, ta ce ya kawo mata hoton nan.

Bai tambayi wane hoto ba, don ɗaya ne tak. Malam ya haura shekara saba'in a duniya, yana karantarwa a Kurfi, bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Ko na katin zaɓe ya ƙi, ya ce Allah ya san fuskarsa. Sada kuwa malamin firamare ne, sai ya ɗora wa kansa bin ƙananan tsuntsaye da wata tsohuwar kyamara. A damunar bana ya yi safiya tara yana kwanto a gonarsu ta hanyar Birchi, cinnaka na cin ƙafarsa, har wani zalaidu ya sauka kan karan dawa da doguwar jelar nan da ba ya fitowa da ita sai damina. Ya danna. Da ya duba, ga tsuntsu tas, har ƙwayar idonsa. Can kuma a kusurwar hagu, dishi-dishi, ga Malam sunkuye da fartanya, hularsa ta karkace.

Ran nan da ya nuna wa Inna a bayan kyamara, gyale ta sa ta toshe baki don dariya.

"Ka saci Malam, Auta," ta ce. "Ɓoye shi kar shi gani."

Da ma ɓoyewar ya yi. A'a, sai ya tura wa Mutawakkil, mai shagon hoto a Dutsin-Ma, wanda shi ne alƙalin zauren masu ɗaukar hoto da suke da shi a waya. Shekara biyu Sada yana tura masa tsuntsaye, shekara biyu bai ji "ya yi" daga bakinsa ba. Wannan karon saƙon murya ya zo, minti huɗu cur.

"Tsuntsu ya fito, ban ƙi ba. Amma ka dasa shi a tsakiya kamar hoton fasfo, matsar da shi gefe, ka bar mashi wurin da yake kallo. Rage koren nan, ya yi ihu. Sannan wanga tsoho na hagu, mi yake yi nan? Ido na zuwa wajen tsuntsu, shi yana janye shi. Goge shi."

Sada ya goge ubansa cikin minti goma, ya lulluɓe wurin da ganyen dawa yadda ko ɗinki ba a gani. Kwamfuta ta tambaye shi ko ta ɗora sabon a kan tsohon, ya ce e, kamar yadda ya saba, don kullum kukan rashin wuri take yi. Katin kyamarar ya share shi tas ranar bikin yaye ɗalibai. Wayarsa ma duk Juma'a yake share ta. Hoton ya shiga zaure, aka yi ta tafi, Mutawakkil da kansa ya rubuta, "Yanzu ka fara." Sada ya yi kwana uku yana komawa yana karanta kalmomin nan uku. Sati uku bayan haka zazzaɓi ya kwantar da Malam, bai tashi ba.

To, yanzu Inna na jira. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya kasancewa da asalin hoton, don shi kaɗai aka tura wa. Da safe Sada ya hau babur ya nufi Dutsin-Ma, yana addu'a a hanya, yana jin kunyar abin da yake roƙon Allah a kai.

Ya tarar da Mutawakkil yana gyaran fuskar wata amarya a kwamfuta, ya goge ta sumul har hancinta ya kusa ɓacewa. Suka gaisa, ya yi masa ta'aziyya yadda ya kamata. Sannan Sada ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Na farkon? Mai tsohon?" Mutawakkil ya zaro waya, ya ɗan lalluba, ya ajiye. "Malam Sada, ni ba ni aje hoton da bai gyaru ba. Ranar da ka turo mai kyan na share wancan."

"Mahaifina ne," in ji Sada.

Mutawakkil ya shafa gemu. "Allah ya jiƙan shi. Ai da ka faɗa mani." Amma hali zanen dutse. "Gaskiya dai, ta fuskar aiki, ko da ka faɗa, wurin da ya tsaya bai dace ba."

Sada ya so ya ɗauki kujera ya rotsa kwamfutar. Sai dai ya san wa ya riƙe linzamin kwamfuta ran da aka goge Malam, ba wanda ya kama masa hannu. Haushin da yake ji na kansa ne, kuma ba shi da inda zai sauke shi.

A bangon shagon, tsakanin amare da alhazai, ga zalaidun nan cikin gilashi. Ashe Mutawakkil ya wanke shi babba, yana nuna wa masu koyo yadda gyara ke ceton hoto. Ya sauko da shi, ya kakkaɓe, ya ce kyauta ce.

Sada ya iso gida bayan la'asar, ya sami Inna kan darduma cikin kayan takaba. Ya durƙusa ya miƙa mata, ya faɗi gaskiya duka, bai rage komai ba. Ba ta yi faɗa ba, shi kuwa faɗan yake so. Ta ɗora hoton a cinya, ko kallon tsuntsun ba ta yi ba. Ta sa ɗan yatsa a kusurwar hagu, kan ganyen dawan da Sada ya dasa da hannunsa, tana murzawa a hankali kamar mai goge ƙura.

"Nan ne yake, ko?"

"Nan ne, Inna."

"To bar mani shi haka nan," ta ce. "Tashi ka ba ni wuri."