Karen da Eduviges Ta Tsinto a Kasuwar Kifi

Shekara arba'in da ɗaya Don Anacleto Barrios ya yi yana aski a unguwarmu a Tolú, kafin ciwon baya ya hana shi tsayuwa. Ya rufe shago, ya naɗe almakasansa a tsumma, ya koma zaman ƙofar gida. Ƙanwarsa Eduviges ke dafa masa abinci tun rasuwar matarsa. Ni kuwa ina soya arepa, wainar masararmu, a tsallaken titi, don haka komai a idona aka yi shi.

Wata Talata da hantsi Eduviges ta dawo daga kasuwar kifi, kwando a hannu, wani baƙin abu yana biye da ita. Sai da ya yi haushi muka tabbatar kare ne. Gashinsa ya cukurkuɗe ya daskare, ko idonsa ba a gani. Ta riga ta raɗa masa suna Tinto, wato baƙar gahawar da muke sha da safe.

"Yaya Cleto, ga mai neman aski na kawo maka," ta ce wa wanta.

"Kan magajin gari na aske da hannun nan," in ji shi. "Ki mayar da tsummanki inda kika tsinto shi."

"Magajin garin da gashinsa bai kai goma ba? Wannan shi ne aiki na gaske. Ko dai hannun ya manta?"

Kwana biyu karen yana kwance ƙarƙashin kujerarsa yana susa, wari yana tashi. A rana ta uku na ga Don Anacleto ya fito da 'yar kujera ta tsuguno da tsumman almakasansa.

Wuni guda ya yi a kai. Yakan sa mataji tsakanin fata da ƙullin gashi, sannan ya yanka ta saman matajin don kada ya ji wa karen rauni. Kaska ya cire ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a gwangwanin kananzir. Yana yi yana ba shi labarin ƙwallo, kamar yadda ya saba yi wa masu zuwa shago. Da aka zo wanka, ruwa uku aka zubar baƙi ƙirin. A na huɗu Eduviges ta riƙe baki tana dariya: karen fari ne, da ɗan ja a kunne.

"To sai a canza suna," na ce daga wajen kaskona.

"Ya riga ya amsa," in ji Don Anacleto. "Ba a yi wa mutum haka."

Daga nan ya wuce gona da iri. Kullum sai ya wanke shi da sabulun wankin kaya. Kafin wata guda fatar ta bushe tana ɓarewa, sabon gashin yana zuba. Eduviges ta ja su duka biyu zuwa wurin likitar dabbobi, wata matashiya wadda Don Anacleto ya yi wa mahaifinta aski tun yana yaro.

"Don Anacleto, kan mutum ka sani," ta ce masa. "Wanka sau biyu a wata ya isa, da sabulun karnuka. Taza ce ta kullum. A ba shi dafaffen ƙwai da kifi, a cire ƙaya."

Na ɗauka zai yi fushi. Sai ya ciro fensir ya ce ta maimaita, ya rubuta a bayan takardar magani.

Bayan wata huɗu gashin Tinto ya sauko har gwiwa, yana sheƙi. Kowace safiya karen da kansa yake ɗauko buroshi a baki ya ajiye a ƙafar maigidansa. Don Anacleto yakan fara daga bayan kunne, inda gashi ya fi saurin ƙullewa, ya bi hammata, ya gama da wutsiya. Yakan shafa ɗigon man kwakwa a tafin hannu ya bi bakin gashin. Ya rage ƙorafin ciwon baya, ya kuma koma cin arepa biyu maimakon ɗaya.

Wata ranar Lahadi, bayan an tashi daga coci, muka taka bakin teku mu uku, Tinto a gaba, mutane suna waiwayensa. Ruwa ya janye ya bar taɓo a gindin itatuwa. Kafin a ankara karen ya faɗa ciki, ya yi birgima son ransa, ya fito yana kaɗa wutsiya.

"Aikin safe ya tafi," in ji Eduviges. "Mu koma in ɗora ruwa?"

Don Anacleto ya zauna a kan wani kwale-kwale da aka kife, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Ƙyale shi ya more. In taɓon ya bushe, mataji zai fitar da shi. Kira mana mai ƙanƙarar can, ƙishirwa nake ji."