Layin da Auta Ya Ƙara

Tun da safe gwajin ya fito da ja, alamar kuskure, maimakon kore, Uwar Biyu kuwa ta kafa wa allon kwamfutarta ido kamar ta kama ɓarawo. Ofishin nasu ɗaki ne dogo mai tebura a jere da bango, da fanka mai ƙara, da firinta wadda ba ta aiki sai an mare ta. Manhajar gyara bayanan da suka lalace a na'ura suke rubutawa, zuciyar aikin kuma ninka manyan jadawalai ne waɗanda babu komai a cikinsu sai sifili da ɗaya. Lissafin yana da doka tasa: ɗaya da ɗaya sifili ne. Kamar makunnin fitila, ka danna sau biyu ka koma duhu.

Dabararta ce ake gwadawa. A yanka kowane jadawali gida huɗu, a yi ninki bakwai maimakon takwas, sannan a harhaɗa gutsattsarin. Gudu dai tana gudu, amma kusurwar ƙasa ta dama tana fitowa ba daidai ba. Oga ya riga ya ce in ba ta daidaita kafin a tashi ba, za a koma tsohuwar hanya.

Tsohuwar hanyar kuwa ta Auta ce, ƙanin mijinta, mai zama a teburin da ke bayanta. Ita ta kawo shi wurin, ita ta tsaya masa. Amma tun da aka ajiye hanyarsa aka ɗauki tata, take ganin dariyarsa ta canza.

"Matar Yaya, ja ne kuma?" Auta ya tambaya yana juya cokali a kofi. "Ko in kawo miki ruwan sanyi?"

"Ka ji da naka," ta ce, ba ta ko waiwaya ba. A gida tsokanar nan dariya take ba ta. Yau sai ta ji kamar murna yake yi.

Wajen azahar ta gano matsalar, kuma tata ce: gutsure ɗaya ta manta ba ta haɗa a kusurwar ba. Kunya ta kama ta. Ta ƙara layin da zai haɗa shi can sama inda ake shirya gutsattsarin, ba ta gaya wa kowa ba. Kafin ta sake gwaji wayarta ta yi ƙara, daga makarantar tagwayenta, wai ɗaya ya jefa takalmin ɗan'uwansa kan rufi. Ta fita baranda tana ba malama haƙuri.

Da ta dawo, sai ga Auta yana tashi daga kujerarta.

"Me kake nema a nan?"

"Caja," ya ce da sauri, ya ɗaga igiyar ya nuna mata. Tasa cajar kuwa tana maƙale a bango kusa da teburinsa, ta gan ta da idonta.

Ta zauna, kujerar da ɗuminta. Ta danna gwaji. Ja. Ba ja kawai ba, kuskuren safe ne sak, gida-gida, kamar ba ta taɓa komai ba. Ta duba layinta, yana nan lafiya lau. To me ya cinye shi? Ranta ya ɓaci. Ta tuna caja, ta tuna ruwan sanyi, har ta tuna ranar da ya ce wa yayansa aikin nan ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Duk abin da ta ɗauko sai ya zauna daram a wurinsa, haka zargi yake in ya sami mai shi a fusace.

Da ta juya ta tambaye shi, da an gama. Ba ta juya ba, ofishin Oga ta nufa.

Oga mutum ne mai ƙin dogon zance. Ya fito da tabarau a goshi, ya tsaya tsakiyar ɗakin.

"Kai, ka taɓa aikinta?"

Auta ya dubi ƙasa. "Na taɓa, ranka ya daɗe. Amma gyara na yi."

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa."

"Da caja ake gyara?" Uwar Biyu ta jefa masa.

"Cire abin da ka sa, yanzu, muna kallo," in ji Oga.

Auta ya sunkuya kan teburinta, ya gangara can ƙasan manhajar inda ake tattara amsa, wurin da ita ba ta duba ba. Ya yanke layi ɗaya ya ajiye a gefe. Ya ja da baya. Aka danna gwaji, kowa ya zuba wa allon ido.

Kore.

Wani ya tafa. Auta ya buɗe baki yana kallon allon kamar an canza masa shi.

"Wallahi ba haka..."

"Ya isa," Oga ya katse shi. "Da hannunka a ciki ja, ba hannunka kore. Tattara kayanka, ba na zama da mai yi wa abokin aiki zagon ƙasa."

Aka yi ta yi wa Uwar Biyu barka. Ta ji daɗi, ba ƙarya, daɗin wanda zarginsa ya tabbata. Da aka watse ta jawo layin da aka yanke, don ta ga irin muguntar da aka shirya mata, ta samu abin gaya wa mijinta.

Ta karanta, ta sake karantawa. Irin layinta ne sak. Gutsuren da ta manta, a kusurwar da ta manta shi. Ya ga kuskuren kamar yadda ta gani, ya jira ta fita don kada ta ji kunya a gaban mutane, ya ƙara shi a ƙasa bai san ta ƙara a sama ba. Gutsuren ya shiga sau biyu, ɗaya da ɗaya sifili, ya kashe kansa.

Ta cire nata layin ta ajiye a gefe, ta mayar da nasa, ta danna gwaji. Kore.

A bayanta ta ji motsin kwali. Auta ne, rungume da littattafansa, kofinsa a sama, cajarsa ta leƙo ta gefe. Ya zo sallama ne, idonsa ya sauka kan allon, ga layinta a gefe, irin nasa sak. Yaro ne mai kai, bai buƙaci bayani ba.

"Ke ma kin sa," ya ce a hankali.

"Auta, ajiye kwalin nan. Yanzu zan je wurin Oga, ni ce na..."

"Ki je, zai mayar da ni, na sani." Ya gyara riƙon kwalin. "Ni ma ban kyauta ba da na ɓoye. Amma teburina yana bayanki, Matar Yaya. Juyowa kawai za ki yi."

Ta juya ta dubi teburin nasa.

"Ki gaida min 'yan biyu," ya ce. Ya tura ƙofa da kafaɗa ya fita, allon yana nan kore da layinsa a ciki.